Filinmu ne, amma mu ne baƙi: wa ya kamata a tuhuma?

Baban Sadik (Maryland):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun ranar Asabar abin nan yake cina, na ce gara in kawo shi nan. Na kai Sadik kallon besbol a Nationals Park, filin ƙungiyarmu Nationals a Washinton, karawarmu da Phillies ta Filadelfiya. Shekararsa 9, kuma wannan ne karo na farko da ya zauna ya kalli wasa tun daga zagayen farko har na tara. Tun cikin jirgin ƙasa na fara ganin alama. Ku da kuka sani, mu ja muke sawa, su ma ja suke sawa, saboda haka daga nesa ba ka bambancewa, sai ka dubi harafin da ke goshin hula. Da muka sauka a tashar Navy Yard na dinga ƙirgawa a zuciyata, P, P, P, sai can ka ga W ɗaya. Muka shiga muka zauna. Layin gabanmu su ne, na bayanmu su ne, tsohon da ke gefen Sadik ma nasu ne.

Abin da ya karya mini zuciya shi ne lokacin da ɗan wasansu ya buga ƙwallo ta tsallake katanga. Filin ya ɗauka gaba ɗaya, har kujera tana rawa. Sadik ya miƙe zai yi tafi, sai ya ga ni ban tashi ba. Ya koma ya zauna, ya cire hularsa ya ɗora a cinya, ya ce, Baba, ba a garinmu muke ba? Wallahi ban sami amsar da zan ba shi ba.

Maƙwabcina yana da tikitin kaka guda biyu, shekara da shekaru. Na san ya sayar da na wasanni ukun wannan karawar duka a intanet, domin da bakinsa ya faɗa mini. To ina tambaya: wannan goyon baya ne? Mutum ya ce shi ɗan ƙungiya ne, amma ranar da aka fi buƙatar muryarsa ya sayar wa abokin hamayya kujerarsa?

Kawu Filadelfiya:
Wa alaikumus salam Baban Sadik. Allah ya raya mana Sadik. Ni ina cikin waɗanda kake magana a kansu, ko da yake wannan Asabar ɗin ban je ba. Shekara 23 ina tuƙin tasi a garin nan, kuma na je filinku ya fi sau goma. Ba mu fasa ƙofa ba. Kuɗi muka biya, aka ba mu kujera. Tsakanin Filadelfiya da Washinton wajen kilomita 225 ne, awa biyu da rabi zuwa uku a mota idan hanya ta yi kyau. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ka tambayi wanda ya tsaga bangon.

Ɗan Fagge:
Ku yi haƙuri, ni daga Kano nake bibiyarku, ban san wasan sosai ba. Shin babu ɓangaren da ake ware wa baƙi ne? A ƙwallon ƙafa na Ingila ai baƙi suna da lungunsu, kuma ana ƙayyade musu tikiti. A nan Ƙofar Mata ma in Pillars na wasa, kowa ya san masu gida ne ke da fili.

Baban Sadik (Maryland):
Babu, ɗan'uwa. A Amurka duk wanda ya sayi kujera tasa ce, ko rigar wa ya sa. Uba da 'ya'yansa na wannan ƙungiya, kusa da su wasu na waccan, ana miƙa wa juna gyaɗa. Kuma wasannin suna da yawa: kowace ƙungiya tana buga 162 a kaka ɗaya, 81 a gida. Filinmu yana ɗaukar mutum kusan 41,000. Cika shi sau 81 ba ƙaramin aiki ba ne, musamman daren Talata.

Injiniya (San Diego):
Baban Sadik, abin da ka gani tsohon ciwo ne, kuma ya kamata a faɗi tarihinsa kafin a ɗora wa maƙwabcinka komai. Washinton ta yi shekara 33 babu ƙungiyar besbol. Senators sun tashi bayan kakar 1971 suka koma Texas. Sai 2005 aka kawo Expos daga Montreal aka sa musu suna Nationals. Duk yaron da aka haifa a garin tsakanin waɗannan shekarun ya tashi ne ko dai yana son Orioles na Baltimore, ko ƙungiyar garin iyayensa, ko kuma bai damu da wasan ba sam. Ga shi Washinton gari ne na 'yan ci-rani na gwamnati, kowa daga wata jihar ya zo da hularsa a jaka.

Sannan aka buɗe sabon fili a 2008, wanda birnin ya kashe wa sama da dala miliyan 600 na jama'a, ƙungiyar ta sha kashi sau 102 a shekarar, ta ƙara 103 a 2009. A daidai lokacin Phillies sun ci World Series, wato babban kofin besbol na Amurka, a 2008, suka riƙe rukuninsu shekara biyar a jere, 2007 zuwa 2011. Filinsu ya cika maƙil wasa 257 a jere. Mutumin Filadelfiya ba ya samun tikiti a garinsu, ga fili babu kowa a kudu, ga araha. Me kake tsammani zai yi?

Kawu Filadelfiya:
Allah ya saka da alheri Injiniya. Ka ƙara da cewa gayyatarmu aka yi. A 2009 shugaban Nationals na lokacin, Stan Kasten, ya shiga gidan rediyo a Filadelfiya ya ce mu zo kallo. Ni da kunnena na ji ana maganar a mota, fasinjojina suna ta yi da ita har mako ya zagayo. Ranar buɗe kakar 2010 kuwa bas-bas muka tafi. Obama ne ya yi jifan farko, sanye da rigar Nationals amma da hular White Sox ta Shikago a kansa. Roy Halladay, Allah sarki, shi ya yi mana jifa, muka ci 11 da 1. A ranar da aka kira sunayen 'yan wasan gida, ihun ƙi ya fi tafi yawa. Wannan kam ban ji daɗinsa ba, kuma ban yi ba. Amma zuwa, na zo, kuma gobe ma in da hali zan zo.

Baban Sadik (Maryland):
Kawu, ban ce ka yi laifi ba, Allah ya ba ka haƙuri in maganata ta zo da haka. Ni girmama ku nake yi ma, domin abin da nake so mutanenmu su zama ke nan. Da nawa nake.

Abu Hanan:
To bari in fito fili, tunda maganar ta shafe ni ko da ba ni ne maƙwabcin ba. Ina da tikitin rabin kaka, kujera biyu, tun 2013. Ina sayar da na Phillies da na Yankees da na Dodgers idan sun zo. Abin da nake samu a waɗannan 'yan wasannin shi yake rage mini nauyin sauran. In ban sayar ba, ba zan iya sabunta tikitin ba, ka ga an rasa ni gaba ɗaya ke nan. Ni ne nake zaune a wurin nan a watan Afrilu da bargo a ƙafa, ana wasa da ƙungiyar da ba wanda ya damu da ita, fili rabi babu kowa. Ina zaune a 2022 da muka sha kashi sau 107. Wanda yake zuwa sau biyu a shekara, ranar babban wasa, ba shi zai koya mini biyayya ba. Ba da kai nake ba Baban Sadik, amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Baban Sadik (Maryland):
Na ji ka Abu Hanan, kuma gaskiya ban taɓa kallonsa ta wannan fuskar ba. Amma ka ba ni dama in tambaye ka abu ɗaya. Me ya sa ba ka fara tallata wa 'yan gida ba? Ga mu nan a zaure, ga masallaci, ga wurin aiki. In ka sa a intanet ka san hannun wa zai faɗa.

Abu Hanan:
Saboda ɗan gida ba ya biyan abin da baƙo yake biya. Na gwada. Ɗan gida zai ce a rage masa, ko ya ce zai tuntuɓe ka, ya yi shiru har ranar wasa. Baƙon nan ya riga ya ɗauki hutu, ya zuba mai, ya kama ɗaki. Cikin minti goma yake saye, ba ciniki.

Maman Ihsan (Baltimore):
Sallama gare ku duka. Na karanta tun daga sama, kuma ni abin da ya tsaya mini a rai hular da yaron ya cire ne. Baban Sadik, kada ka bar wannan ya wuce haka.

Mu a Baltimore mun sha wannan har mun gaji. Daga 1998 zuwa 2011, kaka 14 a jere, Orioles ba su taɓa gama shekara da nasara ta fi rashin nasara yawa ba. Camden Yards, filinmu da tun buɗe shi a 1992 ake cewa babu mai kyansa, ya zama wurin shaƙatawar mutanen New York da Boston. Su hau jirgin ƙasa su zo, su ci kaguwa, su cika mana fili, su koma. A 2018 muka sha kashi sau 115. Ina aikin dare a asibiti a lokacin, in na tashi da safe in duba waya, kusan kullum labari ɗaya ne.

Amma ga abin da na lura. Akwai abu guda da baƙi ba su taɓa iya ƙwacewa ba. In ana rera taken ƙasa kafin wasa, akwai wurin da 'yan Baltimore suke ɗaga murya su ce "O!" gaba ɗaya. Ko mu dubu biyar ne a cikin dubu talatin, wannan daƙiƙar tamu ce. Ihsan tana da shekara 6 na koya mata, tana tsaye a kan kujera tana jiran wurin ya zo, ta riƙe numfashi, fuskarta ta kumbura. Ba ta san dokokin wasan ba a lokacin, amma ta san cewa akwai mu. A 2023 da muka ci wasa 101, ta kai shekarun da za ta fahimta, ta yi kuka. Yaro ba yawan mutane yake bi ba, wanda ya riƙe hannunsa yake bi. Ka koma da shi ranar da ba kowa. Ka bar shi ya sauka kusa da fili kafin wasa ya ga 'yan wasa suna motsa jiki.

Ɗan Zango (Bronx):
Hajiya kin yi magana. Amma bari in kare mutanenmu kaɗan, tunda an ambaci New York. Ni daga Kumasi na zo, gidanmu tafiyar minti goma ne a ƙafa zuwa Yankee Stadium, ina jin ihun filin daga tagar ɗakina. Amma sau nawa nake shiga? Kujera mai kyau a nan ta fi ƙarfin mai aiki irina. Sau da yawa in na haɗa kuɗin bas zuwa Baltimore da tikiti da abinci, bai kai abin da zan kashe a unguwarmu ba. To waɗanda kuke gani sun cika muku fili, da yawansu ba masu kuɗi ba ne, waɗanda tsada ta kora daga nasu gidan ne. Wasu kuma ma ba tafiya suka yi ba, a garinku suke zaune. Ka je Tampa, rabin tsofaffin da suka yi ritaya a can daga arewa suka sauko, ga Yankees ɗin ma a Tampa suke atisayen share fage kowace shekara. Mutum ya bar gari ba ya nufin ya bar ƙungiyar da ubansa ya kai shi kallo.

Ɗan Fagge:
To ai wannan ya yi kama da mu. Ni ɗan Arsenal ne tun ina firamare, ban taɓa taka Landan ba. In aka ce goyon baya sai ɗan gari, to mu duk da muke cika gidajen kallo ba mu da ƙungiya ke nan.

Baban Sadik (Maryland):
A'a Ɗan Fagge, akwai bambanci. Kai ba ka zauna a kujerar kowa ba. Kuma na tabbata in Pillars na wasa da wata ƙungiya, aka ce maka wani ɗan Kano ya sayar wa baƙi wurinsa har "Sai Masu Gida" ta daina fita, ba za ka ji daɗi ba.

Ɗan Fagge:
Wannan gaskiya ne. Ba zan ji daɗi ba.

Injiniya (San Diego):
Ga wani ɓangaren da ba a taɓo ba: ƙungiya tana iya tsayawa ta kare filinta in ta ga dama. Nationals ɗin ma sun yi a 2012. Suka fito da kamfe na ƙwato fili, suka ce tikitin karawar Phillies ta 4 zuwa 6 ga Mayu, na tsawon wata guda ba za a sayar wa kowa ba sai mai katin banki da adireshin Washinton ko Maryland ko Virginia. Har Sanata Bob Casey na Pennsylvania ya yi ƙorafi. Nationals suka ci biyu cikin uku. A wasan ƙarshe ne Cole Hamels na Phillies ya jefi Bryce Harper na Nationals da ƙwallo da gangan, yaro ɗan shekara 19, shi kuma ya zagaya har tasha ta uku, ta ƙarshe kafin gida, ya faki ido ya ruga ya shige gida ya ci maki. Hamels ya amsa cewa da niyya ya yi, aka dakatar da shi wasa biyar.

Mu ma a nan haka aka yi. Shekaru da yawa in Dodgers suka zo Petco Park, filin ƙungiyarmu Padres, shuɗin rigarsu ne ko'ina, domin Los Angeles ba ta kai kilomita 200 daga nan ba. A wasannin sili-ɗaya-ƙwale na 2022 Padres suka taƙaita sayar da tikiti ga yankunan da ke kusa da mu, har da Baja California ta Meziko, aka bar Los Angeles a waje. Ina cikin filin a wasa na huɗu. Ana binmu 3 da nema, muka zuba maki 5 a zagaye na bakwai, ruwan sama yana sauka, abin da ba a saba gani ba a San Diego. Muka fitar da ƙungiyar da ta ci wasa 111 a kakar. Ban taɓa jin ƙara irin ta wannan daren ba, kwana biyu muryata ba ta fita.

Kawu Filadelfiya:
Injiniya, ina ganin girmanka amma a nan ban yarda da kai ba. Ba dokar katin banki ce ta kore mu a 2012 ba. Wanda yake son zuwa ya sayi na hannu, ko ya sa ɗan'uwansa da ke Virginia ya saya masa. Abin da ya kore mu shi ne Nationals sun ci wasa 98 a shekarar, mu kuma muka fara gangarowa. Da ƙungiyar ta yi kyau mutanen Washinton suka saye kujerun da kansu. Haka San Diego, sai da suka kashe kuɗi suka kawo Machado da sauransu. Kuma ni wannan tsari na duba adireshin mutum kafin a sayar masa da tikiti ba ya yi mini daɗi. Mu da muka zo ƙasar nan daga nesa mun san yadda ake ji idan aka tambaye ka daga ina kake kafin a buɗe maka ƙofa.

Injiniya (San Diego):
Kawu, maganarka ta ƙarshe ta shige ni. Amma ina ganin akwai bambanci tsakanin hana mutum shiga da ba ɗan gida damar fara saye. Ba wanda aka tsayar a ƙofa saboda rigarsa. Batun nasara kuwa na yarda, ita ce babba.

Maman Ihsan (Baltimore):
In nasara ce kaɗai ke cika fili, to ba biyayya ake magana ba, kasuwa ce. Cubs ta Shikago sun yi shekara 108 ba kofi, daga 1908 har 2016, kuma mutanensu ba su watse ba, har suna cika filin Milwaukee in sun je. Akwai abin da ake gada.

Baban Sadik (Maryland):
Hajiya, gadon ne matsalarmu. Me zan gadar masa? Na zo ƙasar nan a 2006, na fara zuwa tsohon filin RFK saboda tikitin yana da araha kuma ina kewar hayaniyar filin wasa. Na so Harper kamar ƙanena. A 2019 ya tafi Phillies, shekara 13, dala miliyan 330. Allah da ikonsa a shekarar muka ci World Series, muka doke Astros a wasa na bakwai. Na ce shi ke nan, an kafa tushe. Sai aka fara rabuwa da su ɗaya bayan ɗaya. Scherzer da Trea Turner a 2021, Juan Soto a 2022. Yau Harper yana Phillies, Turner yana Phillies, Schwarber ma da ya yi mana rabin kaka yana can. Ranar Asabar ina nuna wa Sadik su, ina cewa wannan namu ne da, wancan ma namu ne da. Ya ce, to me ya sa ba mu bi su ba? Rigar Soto da na saya masa tana nan a durowa, ta yi masa kaɗan, mai sunan ma ya bar garin tun tuni.

Ɗan Damagaram (Oakland):
Ina karantawa ina shiru, amma yanzu sai na yi magana. Ku gode wa Allah kuna da filin da za a cika muku. Mu namu ya tafi.

Athletics sun zauna a Oakland daga 1968 zuwa 2024, sun ci World Series huɗu a nan, uku a jere daga 1972 zuwa 1974, sai 1989. Shekarun ƙarshe aka yi ta sayar da 'yan wasa masu kyau, mutane suka ja baya, sai aka ce ga shi nan, garin ba ya son ƙungiya. Ranar 13 ga Yuni 2023 magoya baya suka shirya da kansu, suka ce maimakon ƙaurace wa fili, yau kowa ya zo. Daren Talata ne. Mutum 27,759 suka shiga, da koren riguna da aka rubuta wa mai ƙungiyar, John Fisher, cewa ya sayar. A zagaye na biyar aka yi tsit gaba ɗaya, ba ka jin komai sai iska, sannan aka barke da kira murya ɗaya. Ina wurin. Gashin jikina ya tashi. Muka ci Rays 2 da 1. Bai hana komai ba. An buga wasan ƙarshe a filinmu na Coliseum ranar 26 ga Satumba 2024, suka koma Sacramento na wucin gadi, da niyyar wucewa Las Vegas.

Saboda haka in ana maganar biyayya, a riƙa tambayar ɓangare biyu. Kullum talaka mai sayen tikiti ake auna wa imani. Kawu, kai ma ka sani, Athletics ɗin nan a Filadelfiya aka kafa su a 1901, suka tashi zuwa Kansas City a 1955 kafin su zo mana. Baban Sadik, ƙungiyarka ma akwai yaran Montreal da aka raba da ita.

Kawu Filadelfiya:
Haka ne. Na taɓa ɗaukar wani dattijo da ya ce mini shi har yau bai yafe tafiyar Athletics ba, yana yaro aka yi. Allah ya ba ku haƙuri mutanen Oakland.

Baban Sadik (Maryland):
Ɗan Damagaram, wallahi ban taɓa tunanin yaran Montreal ba sai yau. Allah ya sanyaya muku.

Ɗalibi a Osaka:
Gaisuwa ga manya. Ina so in ba Ɗan Fagge amsa a kan ware wa baƙi wuri, domin a nan Japan ana yi. Kowane fili yana da ɓangaren magoya bayan baƙi a can bayan fili, kuma akwai ladabi: in ƙungiyarku ce ke bugu, ku ne da ganga da kakaki da waƙa, kowane ɗan wasa da tasa. In aka juya, ku zauna ku yi shiru, ɗaya ɓangaren ya ɗauka. Na je Koshien, gidan Hanshin Tigers, fili duk rawaya, baƙi a ɗan lungunsu, amma da lokacinsu ya yi an bar su sun yi waƙarsu har ƙarshe. Su ma 'yan Tigers ɗin in sun je Tokyo cika wuri suke yi, kuma sun jira shekara 38, daga 1985 zuwa 2023, kafin su sake cin kofin ƙasa. Ina ganin da Amurka tana da irin wannan tsarin, da Sadik ya san inda nasa suke, ko da su kaɗan ne.

Ɗan Zango (Bronx):
Tsarin yana da kyau, amma ni ina son cakuɗuwar nan. Na taɓa zama kusa da wani ɗan Boston, muka yi ta musu awa uku, da aka tashi ya ba ni hannu. Abin da ba na so shi ne giya in ta yi yawa. Kun tuna 2011, ranar buɗe kaka a Los Angeles, da aka yi wa wani magoyin Giants ta San Francisco duka a wurin ajiye motoci har ya samu rauni a ƙwaƙwalwa. Baƙo ya zo da ladabi, mai gida ya karɓe shi da mutunci. Baban Sadik, tsohon da ke gefen yaronka, ya ya yi da shi?

Baban Sadik (Maryland):
Gaskiya ya kyauta. Da ya ga Sadik ya cire hula, sai ya sunkuyo ya ce masa ya mayar, wai shi ma yana yaro ƙungiyarsa ce ta fi kowace shan kashi. Ya nuna masa yadda ake cike takardar maki da fensir, ƙananan akwatuna, kowane bugu da alamarsa. Da muka ci maki ɗaya a can ƙarshe, 'yan namu da ke sama suka yi kiran nan na N-A-T-S, tsohon ya taɓa shi ya nuna masa wurin da hannu. Takardar tana nan, ya manna ta a jikin firij. Ni dai da na so a ce ɗan garinmu ne ya koya masa.

Maman Ihsan (Baltimore):
To kai ka koya ka ci gaba da koya masa. Fensir da takarda ne.

Abu Hanan:
Baban Sadik, na yi tunani tun ɗazu. Ba zan yi maka alkawarin daina sayarwa ba, domin ƙarya zan yi. Amma akwai sauran karawa ɗaya da Phillies a kakar nan da ban sa a kasuwa ba tukuna. Wasan Lahadi, da rana. In kana so, ka karɓi kujerun biyu a kuɗin da na saya, ba ƙari. Suna ɓangaren tasha ta farko, kuma mutanen layin duk masu tikitin kaka ne, mun san juna shekara goma, akwai wata tsohuwa da ba ta fashi ko ana ruwa. Na Talata kuma duk wanda ba zan je ba, kyauta ne ga Sadik.

Baban Sadik (Maryland):
Na karɓa, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Zan yi maka magana ta gefe bayan la'asar.

Kawu Filadelfiya:
Wace Lahadin ce? In ba na aiki zan gangaro, in zo da jikana, sa'an Sadik ne. Da hularmu za mu zo, na faɗa tun yanzu. Baban Sadik, a ina ake samun abincin halal kusa da filin? Rabona da wurin tun kafin a yi waɗancan sababbin gine-ginen.

Baban Sadik (Maryland):
Kawu, kada ka sayi komai. Maman Sadik za ta yi dambun nama da fanke, mu haɗu a bakin tashar Navy Yard awa biyu kafin wasa, mu ci a gefen kogi sannan mu shiga. Ka taho da fensir biyu.